Gudummawa ga iyalan ƴan kwana-kwana da ƴan mazan jiya

Gudummawa ga iyalan ƴan kwana-kwana da ƴan mazan jiya ita ce kyautar kuɗi ko abinci ko hidima da jama'a ke bayarwa don tunawa da ma'aikatan kashe gobara da suka rasu a bakin aiki, da kuma riƙe tsofaffin sojojin da ƙarfinsu ya ƙare. A wasu ƙasashe gidauniyoyi masu rajista ne ke tafiyar da ita, da ranakun tara kuɗi na musamman. A Maraɗi da sauran ƙasar Hausa ta fi bin hanyar sadaka da zakka da zumunci.

Abin da ya haɗa su

A Jamhuriyar Nijar ƴan kwana-kwana sojoji ne. Rundunarsu, wadda ake taƙaita sunanta da GNSP, reshe ce ta sojojin ƙasa, ko da yake aikinta na kare fararen hula ne, kuma lambar kiranta 18. Saboda haka matar ɗan kwana-kwanan da ya rasu da matar sojan da ya faɗi a fagen daga kusan hanya ɗaya suke bi wajen neman haƙƙinsu.

Aikinsu a jihar Maraɗi ya wuce kashe wuta. Su ake kira in yaro ya faɗa rijiya, ko mota ta kife a hanyar Ɗan Issa, ko ruwan damina ya rusa gidajen laka. Watan Nuwamba na 2021 ya nuna nauyin wannan aiki: ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Issa, sannan ranar 8 ga watan gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Masu shiga irin waɗannan wurare suna barin mata da ƴaƴa a gida, kuma ba kullum ake komawa ba.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara ta

A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin kashe gobararta, akwai ƙungiyar kula da marayun ƴan kwana-kwana tun 1926, kuma a ƙarshen kowace shekara ma'aikatan kan bi gida-gida da kalanda, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ga tsofaffin sojoji kuma ana sayar da alamar shuɗin fure a ranakun 8 ga Mayu da 11 ga Nuwamba. Ingila na da jan fure tun 1921. Najeriya na ƙaddamar da tata alamar gabanin 15 ga Janairu, ranar tunawa da ƴan mazan jiya, wadda ta dace da ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

A Amurka harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe ƴan kwana-kwanan birnin New York 343 a yini ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Stephen Siller, ya tarar an rufe hanyar ƙarƙashin ruwa ga motoci, sai ya goya kayan aikinsa ya ratsa ta a ƙafa zuwa dogayen benayen da aka kai wa harin, waɗanda ke ci da wuta. Danginsa suka kafa gidauniyar Tunnel to Towers, wadda ta shahara da biyan bashin gida ga iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Ranar ƴan kwana-kwana ta duniya, 4 ga Mayu, ta samo asali ne daga mutuwar ma'aikata biyar a gobarar daji a Ostareliya cikin Disamba 1998.

Ƴan mazan jiya na Nijar

Kashi biyu ne. Na farko su ne waɗanda suka yi wa Faransa soja kafin samun ƴancin kai a 1960, cikin rundunar da aka kafa a Senegal a 1857, wadda daga baya ta ɗebi samari daga duk yammacin Afirka, da yawansu ba da son ransu ba. Sun yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da na Indosin (yankin Vietnam) da na Aljeriya. Janar Seyni Kountché, tsohon shugaban ƙasar Nijar, shi ma ta wannan hanya ya bi kafin a kafa sojojin Nijar.

Waɗannan dattawa an cuce su a fansho. Wata dokar Faransa ta Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci, na abokan yaƙinsu Faransawa kuwa yana ta ƙaruwa. Sai a 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki a Faransa ta yanke cewa wannan wariya ce, a ƙarar wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya riga ya rasu kafin hukuncin. An daidaita wani ɓangare a 2007, sauran kuma daga Janairu 2011. A lokacin mafi yawansu suna kabari, ƴaƴa da maƙwabta ne suka riƙe su har ƙarshe. Yau ƴan kaɗan suka rage.

Kashi na biyu su ne sojojin Nijar da jandarmomi da ƴan gardi da suka yi ritaya ko suka naƙasa, tare da iyalan waɗanda aka kashe. Adadinsu ya ƙaru sosai da yaƙin ta'addanci: sojoji 71 a Inates a Disamba 2019, wasu 89 a Shinagodar a Janairu 2020, duka a jihar Tilaberi. A kudancin jihar Maraɗi ma, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, jami'an tsaro na fafatawa da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu.

Yadda ake bayarwa a Maraɗi

Tushen abin addini ne. Hadisi ya lissafa wanda gobara ta kashe da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, wani kuma ya daidaita mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da mai jihadi. Malamai kan jawo waɗannan a wurin zaman makoki, kuma mutanen Maraɗi ba su da rowa a irin wannan rana. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, abokan aikin mamacin su zo cikin kaki su zauna tare da dattawan unguwa. Wani alhaji ya aiko da buhun shinkafa, mata su shiga ciki da tiyar hatsi ko sabulu, wata ta kwance bakin zanenta ta danƙa wa mai takaba jika ɗaya tana cewa, "Ki yi haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari."

Raunin wannan gudummawa shi ne gajeren zango. Bayan sadakar arba'in ƙafa takan ɗauke, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuɗin haya da na makaranta kuwa ba su san makoki ba. Tsohon soja ya fi shiga wannan hali, domin shi ba a yi masa zaman makoki ba balle a tuna da shi. Yana nan a zaure da ciwon ƙafa ko hawan jini, fanshonsa na ƙarewa a kantin magani. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne wanda zai ɗauki nauyin maganinsa wata-wata, ko ya kai shi asibiti a kan babur. Wasu attajirai kan ware irin waɗannan gidaje lokacin fitar da zakka da azumi da layya, kuma hakan ya halatta in gidan na cikin fakirai ko miskinai ko masu bashi, uku daga cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Kakin soja kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci zakka.

Wakafi da takardu

Hanyar da ke maganin gajeren zango ita ce wakafi: a tsayar da shago ko gona ko gidan haya, ba a sayarwa ba a gado, ribar na tafiya ga marayu shekara da shekaru. Nijar ta kafa hukumar wakafi ta ƙasa, kuma cikin manufofinta akwai tallafa wa magadan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. A Oktoba 2023 an buɗe asusun FSSP, wanda ke karɓar gudummawar jama'a don sha'anin tsaro. Fanshon ma'aikatan gwamnati kuwa yana hannun hukumar CARENI.

Kafin ko dala ta fito daga haƙƙin mamaci sai an haɗa takardar mutuwa, da ta aure, da na haihuwar yara, da takardar zaman iyali da kotu ke tabbatarwa, wadda ke nuna wakilin magada. Aure da yawa a masallaci aka ɗaura su ba a kai su magajin gari ba, yara da yawa ba a yanka musu takarda ba, kuma in mata biyu ne ko uku sai an daidaita su tukuna. Shi ya sa tsofaffin abokan aiki da suka san ofisoshi kan ɗauki wannan zirga-zirga a matsayin tasu gudummawar, su biya kuɗin tambari da na mota zuwa Yamai, su bi fayil ɗin har ya fito.