Waiwaye: Yadda manyan kwamfutoci suka koyi ƙara wa kansu wurin ajiya

Mai sana'ar POS a kasuwar Jega ko Birnin Kebbi ya san kuɗin da ya tura ba a cikin 'yar na'urarsa suke kwana ba. Lissafin yana can a wata kwamfuta mai nisa, rubuce a kan faifai. A manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama da na inshora, sau da yawa wannan kwamfuta menfirem ce, wato babbar kwamfuta mai ɗaukar ayyuka masu ɗimbin yawa, irin wadda kamfanin IBM na Amurka ke ƙerawa. Tsohuwar matsalarta kuwa, wadda ta shafe sama da rabin ƙarni tana tada ma'aikata daga barci, ita ce wurin ajiya ya ƙare ana tsakiyar rubutu.

A 1956 IBM ya fito da RAMAC: fayafayai 50 a jere, kowanne faɗinsa inci 24, dukansu ba su ɗaukar abin da ya wuce haruffa miliyan 5. Wuri mai tsada irin wannan ba a raba shi da ka. Shi ya sa bayan fitowar menfirem ɗin IBM mai suna System/360 a 1964, manhajarta ta ɗora wa mai tsara aiki wani nauyi: tun kafin aiki ya fara, sai ya faɗi layi nawa (zoben da ake rubutu a kansa a fuskar faifai) ko silinda nawa (tarin layukan da ke saitin juna) fayil ɗinsa zai ci. Zai rubuta kason farko, ya rubuta kason ƙari. In na farko ya cika a yanka masa ƙari, amma fayil na gama-gari ba ya wuce yanki 16 a faifai guda. Kamar a ce wa manomin fadamar Argungu ya gina rumbu tun bai yi shuka ba, ya kuma faɗi buhu nawa zai samu. In ya yi ƙarami shinkafa ta kwana a waje, in ya yi babba ya tare fili a banza.

Idan kintace ya ci tura, aikin tsayawa yake yi cak, ya bar lamba. D37 na nufin kason farko ya ƙare kuma ba a nemi ƙari ba. B37 da E37 na nufin an nemi ƙarin, amma yankunan sun ƙare ko faifan kansa ya cika. Manyan ayyuka irin lissafin albashi da rufe asusun yini da dare ake sakinsu, don haka da tsakar dare ake buga wa mai kula waya ya zo ya ƙara adadi, a sake daga baya. Wanda aka tasa sau biyu ba ya jiran na uku, sai ya riƙa neman ninkin abin da yake buƙata. Nan aka samu wata sabuwar ɓarna: a takarda faifai ya cika, a zahiri wuri mai yawa na zaune ba komai. Har kasuwa ta buɗe wa wasu kamfanoni, suka sayar da manhajoji irin StopX37, wadda aikinta ta tare wannan faɗuwa kafin ta auku.

Babban sauyi ya zo a 1988 da tsarin DFSMS. Maimakon mutum ya zaɓi faifai da sunansa, sai aka tara fayafayai rukuni-rukuni, manhaja ke zaɓa. Aka sa ma'auni: in rukuni ya kai wani kaso na cika, a kwashe fayilolin da aka daɗe ba a taɓa ba zuwa kaset. Daga baya aka samu fayil mai iya kai yanki 123 a faifai guda, ya kuma tsallaka har fayafayai 59, da rukunin ko-ta-kwana da ake malalawa cikinsa, da dabarar rage abin da aiki ya nema in babu mai yawa.

Duk wannan rabon abin da ke akwai ne. Faifan kansa bai girma ba.

A nan labarin ya fi ba ni sha'awa. Faifan 3390 da ya fito a 1989 yana da layi 15 a kowace silinda, kowane layi na ɗaukar bayit 56,664. An daɗe da daina ƙera shi, amma har yau z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da menfirem ɗin IBM, shi take gani, domin na'urorin ajiya na zamani kwaikwayonsa suke yi. Samfuri na 3 silinda 3,339 ne, na 9 kuwa 10,017, aka yi ta hawa har 65,520 aka tsaya, saboda gurbin da aka ware wa lambar silinda tun zamanin da ba ya ƙirga abin da ya wuce 65,535. Sai a 2008 z/OS 1.10 ta keta wannan shinge, faifai ya kai silinda 262,668, wajen gigabayit 223, daga baya ya kai terabayit 1. Tunda faifan ya zama na kwaikwayo, ana iya faɗaɗa shi yana kan aiki, kamar yadda na'urorin ajiya na IBM samfurin DS8000 ke yi. Sai dai dole a sabunta VTOC, wato rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake da inda babu kowa. In ba haka ba, wuri ya ƙaru amma manhaja ba ta sani ba. A da da hannu ake yi da wata manhaja mai suna ICKDSF, yanzu ana iya saita ta ta yi da kanta.

Da aka haɗa waɗannan, sai aka samu abin da ake so tun farko: manhajar sa ido ta ga rukuni ya kusa cika, ta jawo faifan ko-ta-kwana ta saka, ko ta faɗaɗa wanda ke ciki, mai kula yana barci.

Ni dai a ganina an sayi barcin da wani haɗari. A da, aikin da ya haukace yana ta maimaita rubutu saboda kuskure a shirinsa, yanki 16 ke taka masa birki, shi kaɗai ya faɗi. Yanzu in ba a sa masa iyaka ba zai yi ta cin wuri ana ƙara masa, har ya ja ayyukan da ba ruwansu su faɗi tare. Ga kuma tsarin da ake nuna wa manhaja wuri fiye da wanda aka saya, bisa zaton ba kowa zai cika nasa lokaci guda ba. Ranar da zaton ya karye, ba fayil guda ke tsayawa ba. Kuma faifan da aka faɗaɗa ba ya komawa ƙarami.

Ɗalibin kwamfuta a jami'ar Aliero ko kwalejin Waziri Umaru ba lallai ya taɓa zama gaban menfirem ba, amma wannan matsala tana jiransa a inda zai yi hayar wurin ajiya ta intanet. Tun 2019 Amazon ya sa wa rumbun bayanansa na RDS irin wannan ƙari na kai tsaye. Akwai gurbin da ake rubuta iyakar da ba za a wuce ba, wurin da aka ƙara ba a rage shi, kuma da dala ake lissafin kuɗin duk wata, alhali mai ƙaramin kamfani a Birnin Kebbi da naira yake ciniki.