Should da must a ƙa'idojin hanya na Birtaniya: wacce ce shawara, wacce ce doka?

Baturen Ingila ba ya son ba da umarni kai tsaye. In yana so ka yi abu, sai ya lulluɓe maganar da "you could" ko "you might want to", kamar dai ya bar maka zaɓi. "Should" (ya kamata) ta fi waɗannan nauyi, "must" (dole ne) kuwa babu ciniki a cikinta. Wannan bambanci ya shiga har cikin Highway Code, kundin ƙa'idojin hanya da aka fara bugawa a 1931, wanda ke aiki a Ingila, Sikotilan da Wales. Ireland ta Arewa nata daban ne.

Duk inda kundin ya rubuta MUST ko MUST NOT da manyan baƙaƙe, doka ce ke magana, kuma ana nuna dokar da ƙa'idar ta samo tushe daga gare ta. Ƙa'ida ta 149 ta hana riƙe waya a hannu ana tuƙi. Hukuncinta tarar fam 200 da makin laifi 6 a kan lasisi, kuma makin nan kaɗai sun isa a soke lasisin wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi ba.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne "should". Gaskiya ne saɓa mata kawai ba ya sa a gurfanar da mutum. Amma sashe na 38 na dokar zirga-zirgar hanya ta 1988 ya ba da damar a kafa hujja da saɓawar a kotu, a shari'ar laifi ko ta neman diyya. Ni dai ina ganin kiran wannan kalma shawara zalla yana cutar da sababbin direbobi, musamman waɗanda aka koya musu a aji cewa "should" lallashi ne.

Dubi ƙa'ida ta 163 bayan gyaran Janairun 2022. Ta ce ya kamata direba ya bar tazarar aƙalla mita 1.5 in zai wuce mai keke da gudun da bai haura mil 30 a awa ba, ya ƙara tazarar in gudun ya fi haka. Lafazin mai laushi ne. To amma direban da ya matse mai keke har ya kayar da shi, ana iya tuhumarsa da tuƙi ba tare da kula ba a ƙarƙashin sashe na 3 na dokar nan ta 1988, kuma ƙa'idar nan mai laushi ce mai gabatar da ƙara zai karanta wa kotu don ya nuna abin da direba mai hattara zai yi a wurin.