Littattafan soyayya: me ya sa labaran suke yawan kama da juna?

Waɗanne hanyoyi ne marubuta suka fi maimaitawa?

Tun da wannan rubutu ya bunƙasa a shekarun 1980, har masanin adabin Hausa Ibrahim Malumfashi ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano, akwai 'yan turbobi da ba a daina bi ba. Auren dole ne kan gaba. Sai attajiri miskili da 'yar talakawa mai haƙuri, sai muguwar kishiya ko uwar miji mai bin bokaye, sai yarinyar da aka tsinta, wadda daga baya za a gano ashe 'yar wani hamshaƙi ce.

To maimaicin shi ne aibin?

A'a. Mai karatu ya san masoyan za su haɗu tun daga shafin farko, yadda za su haɗun yake son gani. Auren dole da kishi kuwa suna nan a gidajenmu, ba marubuci ya ƙago su ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen warware ƙullin. An shafe shafi ɗari uba yana cewa sai dai bayan ransa, sai kawai a ce mota ta kife da mijin da aka tilasta wa jarumar, ta yi takaba, ta auri masoyinta. Me jarumar ta yi? Ba komai. Mutuwa ce ta yi mata aikin. Gwaji mai sauƙi: cire hatsarin, cire gadon da ya faɗo ba zato, cire asirin da ya karye. In masoyan ba su da wata hanya ta haɗuwa, labarin bai nuna ba tukuna.

Me ake ƙi game da jarumi miskili?

Wannan ne ya fi damunmu. Miskilanci daban, zalunci daban. Namiji mai ƙarancin magana, wanda ba ya iya furta abin da ke ransa, hali ne mai daɗin rubutawa. Amma sau da yawa sai ka ga ya mare ta, ya kulle ta a ɗaki, ya hana ta zuwa makaranta, wani lokacin har ya keta mata haddi, sannan a babin ƙarshe ya kwanta ciwo, ya yi hawaye, ya miƙa mata makullin mota, shi ke nan an yafe. 'Yan mata masu tasowa suna cikin masu karanta waɗannan littattafai, kuma abin da ake nuna musu shi ne wulaƙanci ƙofar so ce.

In dole sai mutumin ya shiryu, abu uku ne ba makawa. Ya faɗi laifinsa da bakinsa, ba a kewaye ba. Ya yi asarar wani abu da yake ji da shi, ko girma ne ko ita matar. Sannan ta kasance tana da ikon cewa ba ta komawa, mai karatu kuma ya yarda za ta iya faɗa. In babu na ukun, tubar ba ta da nauyi.

Kishiya fa, dole ne ta zama muguwa?

Ba dole ba. Ba ta dalili. Matar da ta yi shekara goma sha biyar tana tattalin gida, rana ɗaya ta ga ana shigo da akwatunan lefen wata, ba ta buƙatar boka kafin a fahimci zafinta.

Wane kuskuren sani ne ya fi yawa?

Hukuncin aure da na asibiti. Za ka ga an yi saki uku cikin fushi, bayan mako biyu an mayar da ita kamar ba a yi ba, alhali ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya, ba na kisan wuta ba. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma iddarta haihuwa. Khul'i ma hanya ce da matar da ta ƙi miji za ta iya bi a gaban alƙali, amma da wuya ka ga jaruma ta bi ta. A ɓangaren lafiya, maimakon ciwon mantuwa da ake warkewa da buguwar kai ta biyu, ga sikila: in masoya duka rukunin jininsu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ɗa mai ciwon sikila. Wannan cikas ne na haƙiƙa, babu mugu a cikinsa, kuma ya isa ya riƙe littafi guda.

Me ya sa littattafan suke tsawo haka?

Kasuwa ce. A da ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, domin cinikin na farko ya biya kuɗin buga na gaba. Yanzu da rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, ana sakin shafukan farko kyauta, sauran sai an biya, masu karatu kuma suna jiran sabon shafi kullum. Daga nan ake samun dogon lissafin kayan lefe, da bayanin girki, da sabon rikici bayan an riga an ɗaura aure. Maganinsa marubuciya ta san ƙarshen labarinta kafin ta saki shafin farko, ta kuma tambayi kowane babi abin da ya sauya tsakanin masoyan. In babu, ta cire shi.