Ƙudurin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar malamai a Amurka, da abin da dokar Nijar ta ce

A shekarar 2023 wasu 'yan majalisar wakilan Amurka, cikinsu har da Suzanne Bonamici ta jihar Oregon da Brian Fitzpatrick na Pennsylvania, suka gabatar da ƙudurin da zai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar malamai da sauran ma'aikatan makaranta. Ita 'yar jam'iyyar Democrat ce, shi ɗan jam'iyyar Republican, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya. Ƙuduri dai ba doka ba ne sai majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa, sun amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Wa'adin waccan majalisa ya ƙare a Janairun 2025 ba a kai nan ba.

An ɗauko tsarinsa daga dokar da Joe Biden ya sa wa hannu a Maris ɗin 2022 domin ma'aikatan lafiya, mai ɗauke da sunan Lorna Breen, likitar da ta kashe kanta a 2020 bayan ta yi fama da aikin korona a New York.

Ƙudurin bai taɓa albashi ba, bai rage yawan yara a aji ba. Abin da ya nema shi ne ma'aikatun gwamnatin tarayya su haɗa kai su fitar da hanyoyin gano malamin da damuwa ta fara cin ƙarfinsa tun kafin ya faɗi, a ware kuɗin tallafi don shirye-shiryen taimaka masa, a kuma riƙa ba da rahoton ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sashen da ya fi ja mini hankali shi ne na wayar da kai, don malami ya daina jin kunyar neman taimako.

Wannan kunyar mun san ta a Yamai. Mushe, wato malamin makaranta, mai yara fiye da kujerun ajinsa, a rumfar zana, cikin zafin Afrilu, idan ya daina barci ya fara yi wa yara tsawa ba dalili, sai a ce ya cika zafin rai. Idan ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa, unguwa ta ce an kai shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, shi ke nan ya zama mahaukaci a bakin mutane. Malamin kwantaragi kuwa, da ke jiran kuɗin wata ga mai gidan haya a ƙofa, shiru ya fi masa sauƙi. Ballantana waɗanda rashin tsaro ya koro daga makarantun Tillaberi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ambaci damuwar aiki da sunanta, ta jera ta da taba, giya, shaye-shaye da cutar sida a matsayin sababbin haɗurran lafiya a wurin aiki. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya faɗakar da su, ya kuma ba su tallafin kwantar da hankali. Ke nan malamin lekwal mai zaman kanta yana da hujjar da zai tunkari mai makaranta, ko ya kai kuka wurin sufetan ƙwadago.

Sai dai dokar ba ta hau kan cikakkun ma'aikatan gwamnati ba, domin su nasu kundin daban ne. Malamin gwamnati da ke son irin wannan kariya, ta hanyar sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, zai bi, a sa maganar cikin buƙatun da ake kai wa ma'aikatar ilimi.