Waiwaye: daga sharar maƙabarta zuwa sayen gari sukutum

Ƙaramin gari ba ya mutuwa rana ɗaya. Masana'antar da ke ɗaukar rabin mutanen garin ce za ta fara rufewa, ko a yi sabon titi ya kewaye garin ta baya, sai matasa su fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, banki ya kwashe kayansa, gidan waya ya bi, kafin ka ankara layin shagunan da ake cinkoso a da ya koma ƙofofi a garƙame da fenti yana ɓarewa. Su kuma waɗanda suka rage, yawanci dattawa da mata da 'yan tsirarun da ba su da inda za su, su ne ke tashi wata rana su ce to tunda ba mai zuwa ya gyara mana bari mu gyara da kanmu. Abin nan yana da tarihi mai tsawo, kuma ya sha sauya kama.

Farkonsa dai kwalliya ce kawai. A 1853 wata mata mai suna Mary Hopkins a garin Stockbridge na jihar Massachusetts a Amurka ta gaji da ganin maƙabartar garinsu ciyawa ta cinye ta, sai ta tara mutane suka kafa ƙungiyar Laurel Hill, suka yi ta dasa itatuwa da gyaran hanyoyin ƙafa, har yau kuma ƙungiyar tana nan. Shekara ɗari da ɗoriya bayan haka ƙasar Ayalan (Ireland) ta mayar da abin gasa, a 1958 hukumar yawon buɗe idon ƙasar ta ƙirƙiro gasar Tidy Towns ta garin da ya fi tsafta, garin Glenties ya cinye ta farko. Dabarar mai sauƙi ce amma ta ci, domin ba abin da ke tayar da mutanen gari irin su ji wai garin da ke maƙwabtaka da su ya fi su maki.

Koriya ta Kudu ce ta nuna yadda gwamnati za ta iya zuga aikin gayya, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta fito da shirin Saemaul, wato sabon ƙauye, ta raba wa ƙauyuka sama da dubu 33 buhun siminti 335 kowanne, aka ce ku je ku yi abin da zai amfani kowa da kowa, ƙarfin jiki naku ne. Wasu suka faɗaɗa hanya suka gyara rijiyoyi da gadoji, wasu kuma simintin ya tashi a banza. Da shekara ta zagayo sai aka duba, wajen rabin ƙauyukan da suka yi abin kirki aka ƙara musu buhu 500 da tan guda na rodi, sauran aka ce su jira. Nan fa kowa ya miƙe. Sai dai a faɗi gaskiya, mulki ne na kama-karya a lokacin, kuma inda hukuma ke tsaye a kanka da littafi da biro, kiran abin sa kai akwai ɗan ƙarin gishiri. Haka ma Umuganda na Ruwanda da ake fita Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, aiki yana kyau amma doka ce, wanda ya ƙi fita ana iya cin sa tara.

Amurka ta sake dawowa cikin labarin ta wata ƙofa. Bayan an fara shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohi daga 1956, manyan kantuna suka koma bakin titi a wajen gari, tsakiyar ƙananan garuruwa ta zama kufai. A 1977 ƙungiyar National Trust mai kula da tsofaffin gine-gine ta yi gwaji a garuruwa uku, Galesburg a Illinois da Madison a Indiana da Hot Springs a Dakota ta Kudu, kuma abin da ya bambanta gwajin shi ne kowane gari an ba shi manaja guda mai albashi wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Shi zai bi masu shaguna ƙofa ƙofa, shi zai tuna wa kwamiti abin da aka yanke a mitin ɗin da ya wuce, shi zai san wane kango na wane ne da kuma me ya sa mai shi ya ƙi ba da haya. A 1980 aka mayar da shi shirin ƙasa baki ɗaya mai suna Main Street. Ni a ganina nan ne aka gano bakin zaren, don masu sa kai suna da zuciya amma ba su da lokaci, duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamitin ya san yadda ake yi, ranar farko ɗaki cike har wasu na tsaye a bakin taga, bayan wata shida kuwa fuskoki biyar ɗin nan ne dai, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne sakatare shi ne ma'aji shi ne mai zuwa da makulli.

Mataki na gaba shi ne mallaka. Mutane suka fahimci cewa kana iya share shekara goma kana gyara wurin da ba naka ba, rana ɗaya mai shi ya sayar. Tsibirin Eigg a Sikotilan misali ne da ake yawan kawowa, mutum sittin da 'yan kai ne a wurin suna zaune a ƙarƙashin masu ƙasa da ba sa ko zama a tsibirin, ba ka da tabbacin gidan da kake ciki balle ka kashe masa kuɗi. A 1997 suka haɗa fam miliyan ɗaya da rabi, mafi yawa gudummawar jama'a daga waje, suka saye tsibirin sukutum, a 2008 kuma suka kunna wutar lantarki tasu ta kansu daga ruwa da iska da rana, yanzu mazauna sun haura ɗari. A Ingila dokar Localism ta 2011 ta ba jama'ar gari damar su yi wa wani gini rajista a matsayin mai amfani ga al'umma, in mai shi ya tashi sayarwa sai a dakata har wata shida su nemo kuɗi. Ba dole ne ya sayar musu ba fa, lokaci kawai aka ba su.

Akwai kuma waɗanda ba su jira izinin kowa ba. Todmorden tsohon garin masaƙu ne a arewacin Ingila, a 2008 Pam Warhurst da Mary Clear da wasu abokansu suka fara shuka kayan lambu a duk wani fili da aka yi watsi da shi, gaban ofishin 'yan sanda, tashar jirgin ƙasa, harabar asibiti, kowa ya zo wucewa ya tsinka kyauta. Sunan abin Incredible Edible, kuma garuruwa da dama a ƙasashe daban daban sun kwaikwaya. Shin kabeji ya dawo da masaƙa? Ko kusa. Amma ya sa baƙi suna zuwa kallo, ya kuma sa maƙwabtan da ba sa ko gaisawa suka san sunan juna.

Inda ake ja-in-ja yanzu shi ne iyakar abin. Bayan 2010 da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ɗaruruwan ɗakunan karatu aka miƙa wa masu sa kai, ko ku riƙe ko a rufe, kuma da yawa sun riƙe ɗin, amma masu suka na cewa wannan ai sauke nauyi ne aka lulluɓe shi da yabo. Sannan garin da ke da tsofaffin malamai da akantoci masu fansho shi ke iya rubuta takardar neman tallafi mai kyau ya samu, garin da ya fi talauci kuwa mutanensa na can suna aiki biyu a rana ba su da sararin zaman mitin, sai tallafin ya riƙa tafiya inda buƙatar ba ta kai ba. Ga kuma batun shekaru, a wurare da yawa masu riƙe da kwamitocin nan sun manyanta, matasan da ake fata su gaje su kuwa su ne dai waɗanda suka bar garin tun farko.