Mota ta mutu a hanya, a garaji kuma ta tashi lafiya: ina matsalar take?

Me ya sa makanike ba ya ganin ciwon?

Domin ka kai masa motar bayan ta huce. Tsofaffin motocin da ke yawo a Tawa, irin su Starlet, Corolla da 504, sau da yawa zafi ne ke tayar da ciwonsu. A watan Afrilu da Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, injin kuma ya ƙara nasa. Bobin, wato na'urar da ke samar da wuta mai ƙarfi ga buji masu kunna mai a injin, idan ta tsufa, siririyar wayar cikinta kan rabu idan ta yi zafi, ta sake haɗewa idan ta huce. Mota ta yi minti 20 a inuwa, ta tashi kamar ba ita ba. Saboda haka lokacin da ta mutu ne lokacin gwaji.

Yaya zan gane ko wuta ce ko mai?

Kula da yadda ta mutu. In ta ɗauke tashi ɗaya kamar an kashe makulli, a fara neman wuta. In ta yi ta tari, tana fizga, ka taka ta ƙi ja, sannan ta mutu, mai ne ba ya isowa.

A nan gefen hanya, cire wayar buji ɗaya, ka sa mata wata buji, ka jingina ta da ƙarfen injin, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi mai ƙarfi shi ake so. In babu, a duba bobin, murfin delko (abin da ke raba wuta ga buji), wayar da ta haɗa batiri da jikin mota, da kontak ɗin kansa, wato inda ake sa makulli, musamman in an daɗe ana rataya masa tarin makullai. Kada ka riƙe wayar da hannu, wutarta dubban volt ce, kuma ka nisanta daga inda mai ke ɗiga.

In mai ne fa?

Filtir ake fara dubawa, shi ya fi araha. Ƙurar hunturu da man kwalba na bakin titi, wanda wani lokaci yakan zo da ruwa ko laka, suna toshe shi. A mota mai karbirato, wato abin da ke haɗa mai da iska, zafi kan tafasa man a cikin bututu, famfo ya kasa ja. Abin da ya sa kenan za ka ga direba a hanyar Ƙonni ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfon. Dabarar tana kai mutum gida, amma ba gyara ba ce. Ka kuma buɗe murfin tanki: in ya ja iska da ƙarfi sannan mota ta tashi, ƙofar iskar tankin ta toshe.

Ko batiri ne?

Ba kasafai ba. A auna: kusan volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin na aiki.

Na'urar kwamfuta za ta nuna?

A motoci masu injakshan, waɗanda kwamfuta ke fesa wa injinsu mai, tana taimakawa, musamman kan na'urar da ke karanta juyin injin, wadda ita ma zafi ke kashewa. Masu karbirato ba su da inda za a jona ta.

Ba gara in canza komai in huta ba?

A'a, kuma wannan ne ya fi damuna. Mutum ya sayi buji, bobin da famfo rana ɗaya, kuɗin cefanen iyali ya tafi, alhali wata waya ce ta yi tsatsa. Ka ce wa makanike: "Maigida, mu hau tare har ta mutu." A canza abu ɗaya, a yi tafiya cikin rana tsaka, sannan a taɓa na gaba.