Ciwon damuwa da ciwon jiki: wanne ke jawo wani?

Da gaske ciwon damuwa na sa jiki ciwo?

Ƙwarai kuwa. Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 14, wanda aka wallafa a 1999, ya gano kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon damuwa da kukan jiki kaɗai suka je wa likita: ciwon kai, ciwon baya, kasala. Mutum ya sha gwaji har ya gaji, sakamako ya fito lafiya lau, a ce masa ba abin da ke damunsa. Alhali sinadaran serotonin da noradrenalin, masu hannu a walwalar mutum, su ne kuma ke rage ƙarfin saƙon zafi da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. In suka rikice, ɗan ciwon da a da ba ya hana mutum aiki sai ya kwantar da shi.

To, ciwon jiki fa, yana kawo damuwa?

Nan ne aka fi sakaci. Mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da damuwa kusan sau biyu. Cikin waɗanda suka yi bugun zuciya, kusan ɗaya cikin biyar ke faɗawa. Bayan shanyewar ɓarin jiki kuwa, kusan ɗaya cikin uku. Iyali kan ce ai dole ya yi shiru, tunda jinya yake. Amma wanda ya daina shan magani, ya bar abinci a gefen gado har ya huce, ya ƙi fita ko ƙofa, jinyarsa za ta ƙara tsawo. Damuwar ta hana shi kula da kansa, ciwon ya tsananta, damuwar ta ƙaru.

Akwai cutar da ke kama da damuwa?

Akwai. Raunin aikin tayirod (wata gaɓa a wuya mai fitar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki), ƙarancin jini da ƙarancin bitamin B12 duk suna kawo mutuwar jiki da rashin sha'awar komai. Magani irin prednisolone, mai rage kumburi, ma kan jirkita halin mutum. Shi ya sa likita kan fara da gwajin jini.

Yaushe ya kamata a ga likita?

In baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum. A faɗa masa duk magungunan da ake sha, don wasu ba sa jituwa da maganin damuwa, wanda shi kuma kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. In tunanin kashe kai ya shigo, a je asibiti a ranar.